Na haifi bakwaini a Ingila: abin da ban faɗa wa ungozoma ba

1/ Yau 'yata ta cika shekara 2. Tun safe take bin yayanta da ludayi tana ihu. An ciro ta cikina yana sati 29 da kwana 4, nauyinta kilo 1.1. Na sha fara rubuta labarin nan in goge. Yau dai na ce bari in daure, ko Allah zai sa ya amfani wata. Zaren yana da tsawo, ku yi haƙuri da ni. 🧵

2/ Mun zo Ingila daga Zariya a ƙarshen 2022, maigida ya samu karatun digiri na biyu, ni da yaronmu muka biyo shi. Doka ta ba ɗalibi awa 20 kacal na aiki a sati lokacin karatu, ni kuma da na zo a ƙarƙashin bizarsa ba a ƙayyade mini ba. Kun ga kenan kuɗin haya da na wuta kusan duk a kaina suke. Na samu aiki a gidan kula da tsofaffi, aikin dare, awa 12.

3/ Ciki ya shiga a farkon 2023. Na sani sarai, amma na yi shiru. Mu dai haka muka tashi, ciki ba a shelarsa sai ya fito da kansa. Haihuwata ta farko ma sai da cikin ya kusa wata biyar na fara awo, kuma na haihu lafiya a ɗakin Mamata, goyon ciki na je. Sai nake ganin ai na san hanya, me zai sa in yi gaggawa?

4/ Akwai kuma tsoro. A wani gurup ɗinmu na WhatsApp aka ba da labarin wata da ta haihu aka turo mata takardar bashin dubban fam. Na ji gabana ya faɗi. Ban san cewa kuɗin lafiya da muka biya tare da biza, fam 470 kowane mutum a shekara a lokacin, ya riga ya rufe awo da haihuwa ba. Wallahi ban sani ba. Babu wanda na tambaya, kunya ta hana ni.

5/ Sai da ciki ya kai sati 18 na je. A nan ƙasar so suke ki fara ganin ungozoma kafin sati 10. Ta karɓe ni da fara'a, ta yi ta tambayoyi tana bugawa a kwamfuta. Can ta ce: "Kin samu wata matsala a cikinki na farko?" Na ce a'a, lafiya lau na haihu. Ta danna, muka wuce. Wannan amsar tawa har gobe ina tuna ta.

6/ Gaskiyar magana, a cikin farko jinina ya hau a wata na tara. Ƙafafuna suka kumbura, aka ba ni ƙwayoyi, aka ce in rage gishiri. Amma a wurina haihuwar da uwa ta tashi, ɗa ya tashi, ai ba a kiranta mai matsala, butulci ne ma. Katin awona na can Zariya cikin durowa. Ita kuwa ungozomar ba ta da wata takarda tawa sai abin da bakina ya faɗa.

7/ Daga baya likita ta yi mini bayani. A ƙa'idarsu, duk wadda jininta ya taɓa hawa a wani ciki, ana ɗora ta kan ƙaramin asfirin kullum tun daga sati 12 har haihuwa. Wani babban gwaji da aka fitar a 2017 ya nuna asfirin ɗin ya rage irin ciwon da ya same ni, mai zuwa kafin lokacin haihuwa, da kusan kashi 62 cikin 100 a mata masu haɗari. Ya fi aiki in an fara kafin sati 16.

8/ Don Allah kar wata ta karanta wannan ta je kemis ta saya da kanta. Likita ne zai duba ya ce ya dace da ke ko bai dace ba. Abin da nake so ku gane shi ne na makara, sannan da na je ɗin ma ban faɗi abin da zai sa a lura da ni ba.

9/ Na ci gaba da aiki. Ɗaga tsofaffi, juya su a gado, canza musu kaya, tsayuwa har asuba. In dawo ƙarfe takwas da rabi, maigida ya fita, ni da yaro ɗan shekara uku a ɗaki ɗaya da falo. Barcin awa uku ko huɗu. In Mama ta kira sai in kashe kyamara in ce sabis ne ba kyau, don kar ta ga fuskata ta shiga damuwa.

10/ A sati na 29 kaina ya fara ciwo, irin wanda ban taɓa ji ba, kamar an ɗaure mini goshi da waya. Zobena ya ƙi fita. Ina ganin wasu 'yan ƙyalli-ƙyalli a idona. Na ce rashin barci ne. Da ya kwana biyu maigida ya matsa, na kira lambar sashen masu ciki da ke jikin katina.

11/ Kun san me na ce musu? Da Turancina mai ladabi na ce kaina yana ɗan ciwo kaɗan, in ba damuwa. Ban ambaci ido ba, ban ambaci kumburi ba, ita ma wadda ta ɗauka ba ta tambaya ba. Ta ce in sha parasitamol, in sha ruwa, in huta, in ya ƙaru in sake kira. Na yi godiya har sau uku na ajiye waya. Daren nan na tafi aiki.

12/ Allah Ya sa a daren da nas ɗin da nake kira Anti muke tare, 'yar zangon Kumasi ce, da Hausa muke hira in tsofaffi sun yi barci. Ta dube ni ta ce: "Ƙanwata, fuskar nan ba taki ba ce. Zauna." Ta ɗauko abin awon jinin tsofaffi ta ɗaura mini. 172 bisa 112. Ta sake aunawa. Ta ce: "Ɗauki jakarki." Na ce saura awa biyar in tashi. Ta ce: "Aikin ya ci gidansu."

13/ Ita ta kira asibitin, kuma na ji bambanci. Ba ta ce "in ba damuwa" ba. Ta ba su lamba, ta ba su sati, ta ce ciwon kai da ganin ƙyalli, muna hanya. Muna isa aka shige da ni. Fitsarina cike da sinadarin furotin. Suka ce ciwon nan ne na hawan jinin masu ciki da ke zuwa kafin jijjiga, wanda in an bar shi uwa ta fara taune-taune.

14/ Yadda suka fahimtar da ni: matsalar daga mabiyiya take. Jijiyoyin da ke kai mata jini ba su buɗe yadda ya kamata ba tun farkon ciki. Sai jinin uwa ya hau, ƙoda da hanta su fara wahala, jariri kuma ba ya samun abinci isasshe. Magani yana sassautawa, amma ciwon ba ya tafiya sai an raba uwa da mabiyiyar. Ma'ana sai an ciro jariri, ko lokacinsa bai yi ba.

15/ Suka yi mini allurai biyu, kwana ɗaya tsakani, don huhun jaririya ya yi saurin nuna. Suka saka mini ruwan maganiziyam, wanda ke hana jijjiga kuma yake kare ƙwaƙwalwar bakwaini. Duk wadda aka taɓa saka wa ta san zafinsa, kamar an hura miki wuta a cikin jiki. Kwana biyu suka ja da ni. Rana ta uku gwajin hanta ya lalace, suka ce yau za a yi aiki.

16/ Ban ji kukanta ba. Na ga dai an zura ta cikin wata leda don kar sanyi ya kama ta, mutum biyar sun kewaye ta. Babanta ya roƙi a bar shi ya yi mata huɗuba, suka ce ya yi a hankali ta ƙofar kwalbar. Sai bayan awa 20 aka tura ni a keke na gan ta. Cinyarta ba ta fi babban yatsan hannunsa ba. Na kasa taɓa ta, tsoro nake kar in karya ta.

17/ Ga wadda ba ta sani ba, duk jaririn da aka haifa kafin sati 37 bakwaini ne, ba sai ɗan wata bakwai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai miliyan 13.4 aka haifa haka a 2020, kusan ɗaya cikin goma. Najeriya na cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu. Kuma matsalolin haihuwar bakwaini su ne kan gaba wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5.

18/ Gwaggona ta kira ta ce in gode Allah 'yar wata bakwai ce, wai ɗan wata takwas ne ba ya rayuwa. Na san don ta kwantar mini da hankali ta faɗa, amma ba haka abin yake ba. Kowane sati da jariri ya ƙara a ciki, huhunsa da ƙwaƙwalwarsa suna ƙara ƙwari. Ɗan sati 34 ya fi ɗan sati 29 damar tashi nesa ba kusa ba.

19/ Ranar suna aka yanka rago a Zariya, muna kallo ta waya a barandar asibiti. Gida cike da mata ana guɗa, mai jego kuma tana zaune kan kujerar roba da injin tatsar nono. Dakashina na farko bai cika rabin ƙaramin cokali ba, nas ta zuƙe shi da sirinji kamar zinariya. Da tiyo ta hanci ake ba ta. Mun nema wa Mama biza, ba a ba ta ba.

20/ Babu wankan jego, babu kunun kanwa, babu mai ce miki kwanta in riƙe. Kwana shida aka sallame ni, ita aka riƙe ta. Kullum bas biyu nake hawa da ɗinki a marata, cikin sanyin Nuwamba. Maigida ya gama karatu lokacin, yana aiki a rumbun kaya, bayan 'yan kwanaki dole ya koma. Anti da wata maƙwabciya 'yar Sudan su suka riƙa karɓar yaron.

21/ A ɗakin jariran na fara lura da wani abu. Uwa 'yar Eritiriya, uwa 'yar Pakistan, wata 'yar Romaniya, wata 'yar Kongo da sai an kira mata tafinta ta waya. Turawa ma akwai, amma mu baƙi mun yi yawa a idona. Cikin dare in na kasa barci sai na riƙa karatu a waya, ina neman amsar tambaya ɗaya: jininmu ne, ko zaman nan ne?

22/ A Ingila da Wales kusan 8 cikin 100 na haihuwa bakwaini ne, kuma alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna jariran baƙar fata ne suka fi kowa. Rahoton MBRRACE na 2018 ya ce baƙar mace ta ninka farar mace sau biyar wajen haɗarin mutuwa a ciki da jego. A rahoton 2024 ya sauko kusan sau uku. Ya ragu, amma sau uku ba wasa ba ne.

23/ Abin da ya fi tsaya mini shi ne wani bincike na Amurka. A 1997 likitoci biyu, David da Collins, suka duba takardun haihuwa na jihar Ilinoyi. Suka ga nauyin jariran matan da aka haifa a Afirka suka yi ƙaura ya fi kusa da na jariran Turawa. Na baƙaƙen da aka haifa a can Amurka ne ya yi ƙasa sosai. Launi ɗaya, asali ɗaya, sakamako daban.

24/ A Ontariyo ta Kanada ma an duba, aka ga baƙin da ba su daɗe da zuwa ba haɗarinsu na haihuwar bakwaini bai kai na 'yan ƙasa ba, amma yana ƙaruwa da yawan shekarun zama. Wata malamar Amurka, Arline Geronimus, tun 1992 take cewa damuwa da wariya da talauci na yau da kullum suna cinye jikin mace a hankali, yadda ruwan sama ke cin katangar ƙasa.

25/ Don haka ni dai fahimtata, ba a jininmu kaɗai abin yake ba. Da yawanmu da lafiyarmu muke sauka daga jirgi. Abin da ke biyo baya ne: fara awo a makare, tarihin lafiya da aka baro gida, Turancin da ya isa kasuwa amma bai isa kwatanta ciwo ba, aikin tsaye na dare, tsoron biza, kaɗaici. Masu neman mafaka ma har ɗauke su ake daga gari zuwa gari da ciki, awo ya katse.

26/ Sannan akwai rashin saurare, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ni na rage ciwona da bakina, na yarda. Amma mace mai cikin sati 29 ta ce kanta na ciwo kwana biyu, tambaya biyu ta isa a gano. An koya mana dauriya, mace ba ta raki. Su kuma wasunsu sun saba ganin baƙar mace mai ƙarfi ce. In waɗannan biyun suka haɗu a waya ɗaya, ga abin da ake samu.

27/ Kar kuma a ce na raina ƙasar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe matalauta rabin jariran da aka haifa a sati 32 ko ƙasa suna rasuwa, a masu arziki kusan duka suna tashi. Na san abin da injin numfashin nan da nas-nas ɗin nan suka yi wa 'yata. Amma na san kuma da a gida nake, Mama kallo ɗaya za ta yi wa fuskata ta ce tashi mu tafi asibiti. Nakan rasa wanne zan fi tunawa.

28/ Ranar da ta cika kwana tara suka ɗora mini ita a ƙirji, fata da fata, wayoyi da tiyo duk a jikinta. Renon kangaru suke kiransa. A Bogota ta Kolombiya aka fara shi a 1978 saboda kwalabe sun yi kaɗan. Yana riƙe ɗumin jariri, yana daidaita numfashi, yana kawo nono. Wannan ko a Giwa ko a Maraɗi uwa za ta iya, zani kawai ake buƙata. Ranar na fara jin tawa ce.

29/ Sati takwas ta yi. Akwai daren da numfashinta ya tsaya injin ya yi ta ƙara, nas ta shafa bayanta ta dawo. An ƙara mata jini sau ɗaya. An duba idonta sau uku. Muka dawo gida a Disamba tana kilo 2.3. Yayanta ya leƙa ya ce: "Ita ce 'yar kwalbar?" Sunan ya bi ta har yau. Zama da tafiya duk ta makara, amma likita ya ce a riƙa lissafi daga ranar da ya kamata a haife ta.

30/ To 'yar uwa, in kina ƙasar waje da ciki, ga abin da na so a ce an faɗa mini. Da kin ga layi biyu ki nemi ungozoma, kar ki jira ya fito. A Ingila rajista da likitan unguwa, wato GP, ba ta buƙatar takardar zama. Kuma ko kina cikin waɗanda ake caja, doka ta hana a ƙi duba ki ko a jinkirta saboda kuɗi. Ƙungiyar Maternity Action na ba da shawara kan wannan kyauta.

31/ Ki faɗi komai. Hawan jini, ɓari, haihuwa kafin lokaci, aiki, ciwon suga, sikila, jijjigar da ta taɓa kama yayarki ko mamarki. Ki sa a ɗauko miki hoton tsohon katin awonki a turo. In Turanci na ba ki wahala ki nemi tafinta, kyauta ne, kuma ya fi a ce maigida ne zai fassara, don akwai abin da ba za ki faɗa a gabansa ba.

32/ Alamun da ba a kwana da su: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko ƙyalli, ciwo ƙarƙashin haƙarƙari, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, jini, zubar ruwa, ciwon mara ko baya mai zuwa yana tafiya kafin sati 37, ko motsin jariri ya ragu. Ki kira ko ƙarfe nawa ne. Ki faɗi ciwon yadda yake, ban da "kaɗan". In hankalinki bai kwanta ba ki ce a auna jininki yau.

33/ Maza, ku ma da ku nake. Ku bi ta awo, ku san lambar sashen masu ciki, ku duba fuskarta. In aikin dare ya fi ƙarfinta a zauna a sake lissafi, wurin aiki ma wajibi ne su duba haɗarin aikin ga mai ciki. Tun Afrilun 2025 iyayen da jaririnsu ya kwanta a sashen jarirai suna iya samun hutu har sati 12. Mu ba mu riske shi ba, ku ku nema.

34/ Wata ta taɓa ce mini ai ƙaddara ce, ko na je da wuri abin da zai faru sai ya faru. Na yarda da ƙaddara, kuma likitar ma ta ce ba ta da tabbacin asfirin zai hana. Wasu matan sun yi komai daidai kuma suka haifi bakwaini, ba a ma san dalili ba. In kina cikinsu kar ki ɗora wa kanki. Ni ma shekara guda na yi kafin na daina tuhumar kaina.

35/ Anti ta zo ɗazu da atamfa da kek, 'yar kwalba ta haye cinyarta ta ƙi sauka. Ku saka ta a addu'a, ita da duk nas ɗin da ta tsaya a kan yaran mutane cikin dare. In kin san wata sabuwar zuwa mai ciki, kira ta yau, ki ce ta kunna kyamara. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sauki masu ciki lafiya. Mai tambaya ta ajiye a ƙasa, zan amsa in yara sun yi barci.